Bes da Tirebul: Yaushe Za Ka Murɗa, Yaushe Za Ka Danna Direct

A sana'armu ta gyaran amfilifaya da sifika, in ka cire "nawa ne kuɗin aikin", babu tambayar da ta fi zuwa mini kamar ta wani ɗan maɓalli da ke gaban na'ura. Yawancin masu ita ba su taɓa danna shi ba, wasu kuma sun danna sau ɗaya, suka ji bes ya gudu, suka yanke hukuncin cewa ya lalace. Yamaha tana rubuta masa Pure Direct, Marantz da Denon su ce Source Direct, NAD ta ce Tone Defeat, Luxman kuma Line Straight. Aikinsu ɗaya ne: su kauce wa hanyar da ta bi ta maɓallan bes da tirebul, su wuce da sautin kai tsaye.

Tambayar ita ce: a danna wannan maɓalli, da zan riƙa kira Direct, ko a murɗa bes da tirebul? Amsata ita ce Direct ma'auni ne. Da shi za ka fara, da shi za ka gyara zaman sifikunka a ɗaki, gare shi kuma za ka riƙa komawa kana auna kunnenka. Bayan wannan, murɗa bes da tirebul halaliyarka ce, muddin kaɗan-kaɗan ne kuma ka san abin da ya sa ka murɗa.

Abin da maɓallan suke yi

Kunnen yaro mai lafiya yana jin sauti daga kusan 20 Hz zuwa 20,000 Hz, wato yawan kaɗawar iska a daƙiƙa ɗaya. Can ƙasa dirin ganga yake, muryar mutum tana tsakiya, sama kuma nan ne tsinin sauti, irin na kacau-kacau da "s" da "sh" na baki. Maɓallin bes ba ya tsince sauti guda ya ɗaga. Duk abin da ke ƙasa da 'yan ɗaruruwan Hz yake kwashewa gaba ɗaya, yana ƙara ƙarfi gwargwadon yadda aka yi ƙasa. Tirebul haka yake yi a sama, daga wajen 2,000 ko 3,000 Hz. In ka duba takardar na'urarka, galibi za ka ga an ce kowannensu yana ƙarawa ko ragewa da kusan 10 dB, wato desibel, ma'aunin ƙarfin sauti. Riƙe wannan lamba, za mu buƙace ta.

Tsarin da yawancin kamfanoni suke bi na wani injiniya ne ɗan Ingila, Peter Baxandall, wanda ya wallafa shi a mujallar Wireless World a 1952. Kyawunsa shi ne in maɓallan suna tsakiya, kusan ba ya taɓa sautin. Na ce kusan, domin abin da ake murɗawar nan a ciki ba daidai wa daida ake ƙera shi ba. Kuskuren kashi 20 cikin 100 abu ne da aka saba gani a jikinsa, saboda haka tsakiyar da aka zana a gaban na'ura ba lallai ce ta zama tsakiyar gaske ba, balle in ya tsufa.

Daga nan rigimar ta samo asali. Wasu kamfanonin Ingila irin su Naim da Rega ba sa saka bes da tirebul sam a amfilifayoyinsu. Hujjarsu ita ce duk abin da ka ƙara a kan hanyar sauti, ko kafasita ko maɓalli ko 'yar guntuwar waya, yana iya ƙara shuu ko ya ɗan gurɓata sautin, don haka gajeriyar hanya ta fi. Suna da gaskiya a kan na'ura mai araha da tsohuwar da ta sha ƙura. A kan wadda aka ƙera da kyau kuma take da lafiya, bambancin ƙanƙani ne ƙwarai, mutane da yawa ba sa jin sa in an rufe musu ido.

Abin da ba na yarda da shi shi ne a ce wai mai murɗa bes ya ɓata "sautin asali". Wane asalin? Faifan garmaho kansa, wanda masu wannan magana suka fi ji da shi, ana yanka shi ne bayan an danne bes an ɗaga tirebul, bisa ƙa'idar RIAA da aka tsayar a 1954. Kafin ka ji shi daidai dole na'urarka ta mayar da kusan 20 dB a ƙasa, ta sauke kusan 20 dB a sama. A situdiyo kuwa kusan babu waƙar da ke fita ba a yi mata gyaran sauti ba. Abin lura kawai shi ne mai tsire ya riga ya barbaɗa yajinsa kafin ya naɗe maka, saboda haka ɗanɗana kafin ka ƙara naka.

Fara da Direct, ka gyara abin da ba na maɓalli ba

Mayar da bes da tirebul da balans tsakiya, ka kashe Loudness, maɓallin da ke ƙara bes in murya tana ƙasa, ka danna Direct in akwai. In daga salula ko kwamfuta kake turo sauti, shiga ka kashe duk wani ikwalaiza da ƙarin bes da ke cikinta. Mutane da yawa suna ƙara bes sau uku ba su sani ba: a salula, a amfilifaya, sannan a bayan sabwufa, wato akwatin sifikar bes zalla. Zaɓi abu uku da kunnenka ya haddace: muryar mutum yana magana ko karatu, kiɗa mai ganga, da wata waƙa da aka ɗauka da kyau. Da su kaɗai za ka yi ta gwaji.

Abu na farko da za ka duba shi ne wayoyin sifika. Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi, a bayan amfilifaya da bayan sifika, hagu da dama. In aka juya na gefe ɗaya, wufar hagu, wato babbar sifikar bes, tana turowa gaba a daidai lokacin da ta dama take ja da baya, sai bes ɗin ya cinye kansa a tsakiyar ɗaki. Wani dattijo ya taɓa kawo mini amfilifayarsa da maɓallin bes a ƙure har ya kusa cirewa. Ya ce, "Malam, wannan abu ba shi da ƙarfi ko kaɗan, ka duba mini ko wani abu ya ƙone." Na gwada a shago, lafiyarta ƙalau. Na bi shi gida, na leƙa bayan sifikar dama, sai ga wayar an murɗe ta da hannu an cusa a juye, yara sun tuge ta wajen shara an mayar yadda aka ga dama. Da na gyara na kunna, da kansa ya miƙa hannu ya dawo da bes ɗin tsakiya, ya ce, "To, ashe haka take." In wayarka ba ta da launi, shafa ta: gefe ɗaya yana da zane ko ɗan tudu ko rubutu. Ko kuma ka kara sifikun biyu fuska da fuska, ka saurara, ka juya wayar guda ɗaya ka sake saurara. Haɗin da ya fi ba da bes shi ne daidai.

Abu na biyu ɗakin. A nan na fi so ka ɓata lokaci, domin abin da ɗaki yake yi wa bes ya ninka abin da kowane Direct zai yi. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Tsakanin kowane bango biyu da ke kallon juna akwai wani sauti da yake kai-komo yana taruwa, kuma lissafinsa mai sauƙi ne: raba 343 da ninki biyu na tsawon ɗakin. Ɗakinmu na gado, ƙafa 12 da 12, mita 3.66 ke nan, yana ba da kusan 47 Hz, da kuma ninkinsa wajen 94 Hz. Tunda tsawo da faɗi ɗaya ne, matsalar ta hau kan 'yar'uwarta. Ga bangon bulo da siminti, ga tayil a ƙasa, ga silin mai santsi, babu abin da ke shanye komai. Shi ya sa za ka ji wani bugu guda yana gunji yana girgiza gilashin taga, alhali sauran bes ɗin ba ya fitowa.

Wannan gunjin ya fi ƙarfi a jikin bango da lungu, ya fi rauni a tsakiyar ɗaki. Mu kuwa kujerunmu duk a manne da bango suke, sifikun ma a lungu ake cusa su don kada su tare hanya. Gwada ka gani: bar kiɗa yana yi, ka tsaya a lungu, ka tako zuwa tsakiya a hankali. Za ka ji bes ɗin yana narkewa. Wanda ke zaune a tsakiya zai ce a ƙara, wanda ke jikin bango zai ce a rage, kuma kowa gaskiyarsa yake faɗi.

Fito da sifikun daga lungu. Janye su daga bangon baya da kamar rabin mita in wuri ya yarda, musamman masu ramin iska a baya. Ka sa tuwita, wato ƙaramar sifikar sama, ta daidaita da kunnenka in kana zaune, ka ɗan karkato su suna kallonka, nisan da ke tsakaninsu ya yi kusan daidai da nisanka da kowace. Sifikar da aka ajiye a ƙasa tana harbin gwiwarka ba za ta ba ka tirebul ba, komai murɗawarka. Matsar da kujerarka gaba ko da taku ɗaya ne. Shimfiɗa kafet mai kauri tsakaninka da sifikun, ka saki labule mai nauyi a taga. Kafet da labule suna kashe amon sama da tsakiya, wanda ke sa sauti ya yi tsini ya gajiyar da kunne, amma ba su iya komai da 47 Hz. Shi sai dai matsar da kaya.

Zauna da wannan saitin na kwana biyu ko uku ba tare da ka taɓa komai ba. Kunnen da ya saba da bes a ƙure zai ce maka abin ya yi salam, kada ka biye masa a ranar farko.

Gwada ko Direct yana yi maka wani abu

Kada ka ɗauki maganata ko ta mai shago. Bar bes da tirebul a tsakiya, ka kwatanta Direct a kunne da a kashe. Sai dai akwai tarko: a wasu na'urori Direct yana ɗan ƙara ko rage ƙarfin sautin, kunne kuwa duk wanda ya fi ƙarfi, ko da da ƙasa da 1 dB ne, shi yake cewa ya fi daɗi. In kana da mitar awon wuta, saka ta a awon wutar AC, ka ɗora a kan tashar sifika ɗaya, ka kunna sautin gwaji na 1,000 Hz a hankali, ka karanta lambar a hali biyun. Bambancin 1 dB yana fitowa kusan kashi 12 cikin 100 a mita. In lambobin sun bambanta, ka san dole ka daidaita da bolum kafin ka yanke hukunci. Kula kada tsinin mitar ya haɗa ja da baƙi, nan take za ka iya ƙona na'urar.

Sannan ka nemi wani ya zauna gaban amfilifayar, kai kuma ka juya baya. Ya jefa kwabo, ya danna ko ya bari, ya rubuta, kai ka faɗi abin da ka ji. Ya riƙa danna maɓallin 'yan lokuta kowane zagaye don kada ƙarar dannawar ta tona asiri, ya kuma rufe fitilar da ke nunawa. Ku yi sau goma. In ka ci tara ko goma, bambancin gaske ne, na'urarka ta fi kyau a Direct. In ka ci biyar ko shida, canki-canki ne, ka daina damun kanka, yi amfani da bes da tirebul hankalinka kwance. In kuma bambancin babba ne har ba ya buƙatar gwaji, misali gefe ɗaya ya dushe ko sauti ya toshe da zarar ka kashe Direct, to wannan ciwo ne, aikin mai gyara ne.

Inda nake murɗawa

Na farko da daddare, in an rage murya saboda iyali da maƙwabta. A 1933 wasu masana biyu a ɗakin bincike na Bell a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka auna yadda kunne ke jin ƙarfin sauti, suka nuna cewa in an yi ƙasa da murya, bes ne ke fara ɓacewa. Awon da ake amfani da shi yau, ISO 226, ya tabbatar da haka: kafin kunne ya fara jin 50 Hz sai an ba shi ƙarfin da ya ɗara na 1,000 Hz da kusan 40 dB. Saboda haka waƙar da ta cika ɗaki da rana takan koma siririya da dare. A nan ƙara bes kaɗan gyara ne, kuma babu haɗari tunda wutar da ake ci ba ta da yawa.

Don wannan aka yi maɓallin Loudness. A tsofaffin na'urori an ɗaure shi ne da bolum, yana ƙara bes sosai in bolum yana ƙasa, yana janyewa in an doshi tsakiya. Matsalarsa ita ce bai san ainihin ƙarfin da ke fita ba. In abin da ka haɗa yana turo sauti da ƙarfi, kamar na'urar CD mai ba da wajen bolt 2, ɗakin zai cika tun bolum yana ƙasa, shi kuma Loudness ya yi ta zuba bes. In ka ji haka, kashe shi ka yi da hannu. Yamaha tana da nata salon mai murɗawa a jerin A-S: ka bar Loudness a inda ba ya aiki, ka ƙara bolum zuwa iyakar ƙarfin da ka saba ji, daga nan in za ka rage murya sai ka rage da Loudness ɗin. Wannan dabara ina son ta.

Na biyu tsofaffin kasakasai, da waɗanda aka juye daga kaset zuwa salula. Yawancin waƙoƙinmu na kalangu da kukuma da kotso da gurmi an ɗauke su ne a fili ko a ƙaramin ɗaki, aka yi ta kwafa daga kaset zuwa kaset, kowane kwafi yana cin sama yana ƙara shuu. Mai cewa a ji irin wannan a Direct don girmama asali bai san abin da kaset ɗin ya sha ba. In shuu ɗin ya dame ka, rage tirebul. In muryar ta toshe, kafin ka ɗaga tirebul fara rage bes, sau da yawa za ka ji ta buɗe da kanta. In kaset ɗin gaske kake kunnawa, goge kan da ke karanta shi da auduga da sifirit tukuna, domin dattin da ke kansa yana cinye tirebul fiye da zato. Abin da bai shiga faifai ba kuma ba zai dawo ba: fayil ɗin MP3 mai 128 kbps galibi an yanke masa abin da ke sama da kusan 16,000 Hz, wanda aka yi ta matsewa ya fi haka lalacewa, ƙara masa tirebul sai dai ya fito maka da shashasha.

Na uku karatu da tafsiri da labarai. Gindin muryar namiji yana tsakanin kusan 85 da 180 Hz, amma abin da ke sa a gane kalma yana can sama, daga wajen 1,000 zuwa 4,000 Hz, bambancin sin da shin da sodi ma ya haura haka. Karatun da aka ɗauka a masallaci ko babban zaure yana zuwa da amon wurin, ga na ɗakinka a kai. Ni kan sauke bes sosai a nan, har fiye da yadda zan yi wa kiɗa, in bar tirebul a tsakiya ko in ɗaga shi ɗan ƙanƙani. Nan da nan harufan sukan fito fes.

Na huɗu sababbin waƙoƙin da aka haɗa don su yi ƙara a salula da cikin mota, waɗanda ke soke kunne a sifika mai kyau. Rage tirebul kaɗan ya wadatar. Na biyar shekaru. Jin sama yana raguwa da girma, wannan ba abin musu ba ne, kuma babu dalilin da zai sa dattijo ya zauna da sauti a dushe don wani yaro ya ce Direct ne daidai. Sai dai in kunne ɗaya ya fi ɗaya ji sosai, ko yana yi maka ƙara, likita za ka gani, ba mu ba.

Yadda ake murɗawa ba a yi ɓarna ba

Ɗauki maɓallin a matsayin fuskar agogo, tsakiya ƙarfe 12. Kusan duk gyaran da nake yi yana tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 2. Murɗa guda ɗaya a lokaci ɗaya, ka saurara minti biyu, ka danna Direct ka ji inda ka baro, ka sake komawa. In ka ga kullum sai ka kai ƙarfe 4 ko 5 kafin ka ji daɗi, matsalar tana wani wuri: waya a juye, tuwita ta mutu, sifikun sun yi wa ɗakin kaɗan, ko wurin zamanka. Kanga kunnenka a tuwita a hankali ka ji ko tana aiki. Ana yawan samun gidan da duka biyun suka daɗe da mutuwa, mai gida yana ta ƙure tirebul.

Ragewa ta fi ƙarawa aminci, ga dalili. Kowane 3 dB da ka ƙara yana neman wuta ninki biyu, 6 dB ninki huɗu, 10 dB ninki goma. A ce amfilifayarka wat 50 ce kowane gefe, kuma bugun ganga yana cin wat 5 a ƙarfin da kake ji. Ka ƙure bes, ya koma neman wat 50, ka kai bango ke nan tun ba ka taɓa bolum ba. Ga kuma halin wutarmu. Na'ura mai taransifoma da aka ƙera don bolt 230, in wuta ta faɗi zuwa 180, ƙarfin da za ta iya bayarwa yana komawa kusan wat 30, domin yana tafiya ne da ninkin bolt a kan kansa. Da ta gaza, sai ta fara yanke kan sautin, ya yi kaushi yana tsatsa, rarar nan kuma tana kwarara zuwa sama inda tuwita take, ita kuwa 'yan wat kaɗan take ɗauka. Yawancin tuwitocin da nake canzawa bayan biki ko sallah ta wannan hanya suka tafi. Wufa ma tana da nata: in sifikar mai ramin iska ce, sautin da ya yi ƙasa da inda aka saita ramin yana sa ta kai-komo ba birki, har ka ji tana buga gindi, ƙwas-ƙwas. Ka ji wannan, rage nan take. Ƙa'idar ke nan: duk lokacin da bolum zai hau, bes ya sauko, in za a yi ƙara sosai kuwa danna Direct.

Akwai wata dabara da kamfanin Quad ya saka a na'urorinsa Quad 44 da Quad 34, maɓalli guda mai karkata sautin gaba ɗaya, ya ɗaga ƙasa ya sauke sama ko akasin haka, da 'yan dB kaɗan. Kai ma za ka iya kwaikwayo: bes ƙarfe 1 tirebul ƙarfe 11 don sauti mai taushi, bes ƙarfe 11 tirebul ƙarfe 1 don ya washe. Ya fi ɗaga su duka biyun, wanda ba abin da yake yi illa binne muryar mai waƙa a tsakiya.

Abu biyu kada ka nemi maɓalli ya yi maka maganinsu. Gunjin ɗaki na 47 Hz siriri ne, maɓallin bes kuwa mai faɗi ne, in ka rage har gunjin ya tafi ka kwashe sauran bes ɗin duka. Sai kuma huuu ɗin nan da ba ya tsayawa ko an tsayar da waƙa. Wannan wutar lantarki ce, 50 Hz a Najeriya da Nijar, ko ninkinta 100 Hz in manyan kafasitocin na'urar sun gaji. Cire wayoyin da ke shigo da sauti ɗaya bayan ɗaya, musamman na talabijin da dikoda. In ya ɗauke, daga can yake. In yana nan bayan ka cire komai, kawo ta shago.

Ƙurar hunturu

A Arewa babban abin da ke sa Direct ya fi daɗi ba wani sirri ba ne, ƙura ce. Cikin maɓallin akwai wata 'yar hanya ta gawayi da ɗan harshen ƙarfe ke gogawa. Ƙura ta shiga, sai ka ji ƙarr-ƙarr in ka murɗa, ko gefe ɗaya ya riƙa ɗaukewa. Na'urar gwanjo da ta yi shekara talatin ba a rasa ta da wannan. Kashe ta, ka murɗa kowane maɓalli daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau ashirin ko talatin, wani lokaci wannan kaɗai ya isa. In bai yi ba, zare filogi, ka buɗe murfin, ka nisanci manyan kafasitocin nan domin suna riƙe wuta ko bayan an kashe. A bayan maɓallin za ka ga ɗan rami kusa da ƙafafunsa uku ko shida. Fesa maganin wanke maɓalli na gwangwani, fis ɗaya kawai, ka murɗa ta yi ta kai-komo, ka bari ya bushe sarai kafin ka kunna. Ban da fetur, ban da man keke, ban da feshin kwance tsatsa. Shi kansa maɓallin Direct yana datti, musamman wanda ba a taɓa dannawa ba, shi ma a yi masa haka. In ba ka saba buɗe na'ura ba, wannan aikin mintuna ne a wurin mai gyara, kuma kafin ka kai ta, zama a Direct ya fi. Ka riƙa yafa mata ƙyalle in tana kashe, ka cire in za ka kunna don ta sha iska.

In na'urarka ta gidan sinima ce, ko ba ta da maɓallan

A manyan na'urori masu sifika biyar ko bakwai, Direct yana kashe fiye da bes da tirebul. Yakan kashe gyaran ɗaki irin su Audyssey na Denon da Marantz ko YPAO na Yamaha, ya kuma daina tura bes zuwa sabwufa in sautin na gefe biyu ne. In sifikunka ƙanana ne da suka dogara da sabwufa, za ka ji kiɗan ya rame, kuma ba laifin kunnenka ba ne. A irin wannan saitin zaɓi Stereo ka bar Direct. A amfilifayoyi da yawa balans ma yana mutuwa a Direct, saboda haka in kujerarka ba a tsakiya take ba ka san da wannan. Ƙananan saiti masu sabwufa da 'yan sifiku kuwa, abin da aka rubuta wa bes a jikinsu sau da yawa bolum ɗin sabwufar ne kawai. Ƙara shi har ka fara jin daga inda bes ɗin ke fitowa, sannan ka ɗan dawo baya.

Wanda ya sayi amfilifaya marar bes da tirebul yana da mafita. Kamfanin Schiit na Amurka yana yin ɗan akwati mai suna Loki, mai maɓallai huɗu da makunnin kaucewa, ana saka shi tsakanin abin kunna waƙa da amfilifaya. A kwamfuta mai Windows akwai Equalizer APO kyauta, shi kuma yana iya abin da maɓallin bes ba ya iyawa: ya tsinci 47 Hz shi kaɗai ya sauke shi da 'yan dB, ya bar maƙwabtansa. In kana so ka ga gunjin ɗakinka da ido, manhajar REW kyauta ce, sai dai tana buƙatar makirufon awo irin UMIK-1. A ikwalaizar salula ko kwamfuta, in ka ɗaga wani wuri da 4 dB, ka sauke ƙarfin gaba ɗaya da 4 dB a cikin manhajar, in ba haka ba sautin zai fashe tun kafin ya iso amfilifaya, kuma babu maɓallin da ke gabanta da zai ɗinke shi.